Ledojin Ƙarƙashin Kushin

"Auta! Wa ya jefa min ledar burodi a shara?"

Ai kuwa Auta ce ta jefa. Mama ta ciro ledar, ta ɗauraye, ta shanya a igiya kusa da 'yan uwanta. Haka gidansu yake. Su tara ne, Baba direba ne, yau a samu gobe babu. Guntayen sabulu Mama na tara su a tsohuwar safa. Makilin in ya ƙare sai an farke shi da almakashi. Ruwan ɗauraya da shi ake goge ɗaki. Ka bar fitila a kunne kuwa, har maƙwabta sai sun ji sunanka!

Da duk wannan bai dami Auta ba, sai da Tela ya fara zuwa wurinta. Shagonsa na bakin layi, tun ranar da ya gyara mata zif ya ƙi karɓar komai zuciyarta ta tafi. Yana sonta, tana sonsa. Matsalar yayarsa ce. Sau ɗaya ta shigo, ta kalli igiya, ta taɓe baki, ta je ta ce wa mahaifiyarsu Hajiya wai gidan marowata ne, in ya auro 'yarsu ko ruwan sha sai an auna musu da cokali.

"Hajiya ta ce gobe za ta zo ta gani da idonta," in ji Tela.

"In ba ta yarda ba fa?"

Ya sunkuyar da kai yana wasa da tef ɗin wuyansa. "Filis, kar ki tambaye ni. Kin san ba zan iya saɓa mata ba."

Auta ta ce wa Mama za a yi baƙi, amma zancen rowa ta haɗiye shi. Washegari Mama na kicin, Auta ta lallaɓa ta kwashe ledojin kaf. Sai ga sallama a ƙofa! Wayyo! Ta rasa inda za ta kai su, ta cusa su ƙarƙashin kushin.

Hajiya ta shigo, yayar Tela na biye da ita. Duk kujerun falon, sai mai ledojin nan Hajiya ta zaɓa. Ta zauna — ƙaras! Ta gyara zama — ƙaras-ƙaras!

"Ikon Allah! Kujerar taku magana take yi?"

Ta miƙe ta ɗaga kushin. Ledoji suka zubo, baƙaƙe da farare, wasu ma da lema.

"Kin gani ko, Hajiya?" in ji yayar. "Ni na faɗa! Leda fa!"

Auta ta fashe da kuka. Daidai nan Mama ta shigo da tire, shinkafa ta yi tozo, ga nama a kai.

"Wa ya kwaso min ledojina, ko bushewa ba su yi ba?"

"Ni ce, Mama... kunya na ji."

Mama ta ajiye tiren a hankali. "Kunyata kika ji, Autana?"

Wannan maganar ta fi mari zafi.

Hajiya ta koma ta zauna. Jakarta ta buɗe, ta zaro wata leda a ninke tsaf kamar hankici, duk ta koɗe.

"Wannan tun bara nake zuwa kasuwa da ita." Ta juya kan 'yarta. "Ke da kike dariya, da me kike zaton na saya wa ƙaninki keken ɗinki? Filon da kike kwana a kai ma, ƙyallayen shagonsa ne a ciki. Dubi farantin nan. Marowaci ne zai cika wa baƙo haka?"

Yayar ta kama duba waya.

Hajiya ta dubi Auta. "Zo nan, 'yata. Laifinki biyu: kin ɓoye abin da ya raine ki, sannan kin duƙunƙune su. Ba haka ake ninkewa ba!"

Auta ta durƙusa ta riƙe ƙafar Mama tana ba ta haƙuri. Mama ta share mata hawaye. "Ya isa, kar ki ƙarar min da ruwan hawaye, shi ma tattalinsa ake."

Falo ya kaure da dariya.

Bayan an ɗaura aure, tsarabar farko da Tela ya kawo mata burodi ne. "Burodin naki ne, ledar ta Hajiya, ta ce ki mayar."

Ku ji ni, 'yan uwa: rowa ita ce hana mutane, tattali kuwa shi ne hana shara. Kuma kar ku taɓa jin kunyar hannun da ya yi dabara har kuka girma.