Wane Kaya Ta Saka Yau?

"Gidan uban wa kike zuwa?!" na daka wa Auta tsawa. "Malamarku ta ce an daɗe ba a ga ƙeyarki a aji ba!"

"Umma, ki yi haƙuri..."

"Saurayi ne?"

Ta ƙare wa atamfar jikina kallo. Haka take min kullum kafin ta fita.

Washegari na bi bayanta. Ta wuce ƙofar sakandarensu, ta shiga wani lungu, ta tura ƙofar wani ɗaki. Na laɓe jikin taga.

"Autata, kin iso? Wane kaya ta saka yau?"

Muryar mijina ce, telan da ya fice ya bar mu tun bara, ba faɗa ba sallama.

"Shuɗiyar nan mai ganye, Abba."

Ya yi dariya. "Ɗinkina ne! Ta ce na matse mata hannu, na ce ita ce dai ta yi ƙiba."

Na banka ƙofar. Yana zaune bakin katifa, ya rame, idanunsa a buɗe amma ba su same ni ba. Auta ta saki kofin magani.

"Waye?" ya ce. Sai ya ja numfashi. "Wannan turaren... Hasken idona, ke ce?"

"Ni ce! Me na yi maka?"

"Ba komai. Ciwo ne a kaina, ya fara da idanu. Ban so ki koma 'yar jagora ba."

"Shi ne ka mayar da 'yarka?"

"Ni na gano shi, Umma," Auta ta faɗa cikin kuka. "Kullum sai ya kore ni. In na tafi aji, wa zai ba shi magani?"

Na durƙusa. Ya laluba hannun rigata, ya bi ɗinkin da yatsa.

"Har yanzu ya matse," na ce.

"Ƙiba ce dai."

Muka yi dariya muna hawaye.

Ranar na mai da shi gida, Auta ta koma aji. Bai daɗe ba, a kan cinyata ya cika.

Har yau in za ta fita da jakar makaranta, sai ta tsaya ta dubi kayan jikina. Sai kuma ta tuna, ta sunkuyar da kai ta wuce.