Jinin Gidan Malam Sama'ilu

A ɗakin ɗibar jini na wani asibiti a Kazaure Bahijja ta fara ganinsa. Ita ke riƙe da allura, shi kuwa ƙato guda ya runtse ido kamar yaro.

"Malam, duk tsoron allurar ne?"

"Ba ita ba ce," in ji Zaharadeen. "Abin da za a gani a jinin nake tsoro."

Likitoci ne ke bincike a kan danginsu na Roni. Wani sinadari da ake kira furotin suke gada, yana taruwa a jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa, ya raunana su, wata rana su fashe. Shi ne ajalin mahaifinsa, Malam Sama'ilu, bai cika hamsin ba.

Kafin ka ce me, soyayya ta ƙullu, ta zama Likitata, ya zama Matsoracina.

Da magana ta kai gaban manya, mahaifinta ya tura ƙanensa Haladu binciken asali. Baffa Haladu kuwa, sarkin gaggawa, a teburin mai shayi ya gama bincikensa ya juyo.

"Mazan gidan ba sa tsufa. Ga ɗana Jalaluddeen, lafiyarsa garau."

Baba ya ce an rufe maganar. Ana cikin haka saƙo ya shigo:

"Likitata, sakamako ya fito, ina da shi. Ki bi maganar Baba. Ba zan sa ki takaba da ƙuruciya ba."

Ranta ya ɓaci ba kaɗan ba. Ta mayar masa:

"Wa ya ba ka izinin yanke mini hukunci? Ina nan daram."

Ta je ta durƙusa. "Baba, Allah ya huci zuciyarka. Baffa ya tambayo shekarun da suke yi, bai tambayo yadda suke riƙe matansu ba. A tambayi matan."

Baba da kansa ya hau mota zuwa Roni. Inna Shatu, mahaifiyar Zaharadeen, ba ta yi masa ɓoye-ɓoye ba.

"Alhaji, na sha jinya, na yi takaba. Amma yau a dawo mini da Malam, wallahi zan sake aurensa."

Da ya dawo, Baba ya kira 'yarsa ya faɗa mata abin da ya jiyo.

"Kin ji, kin gani?"

"Na ji, na gani, Baba."

"To, Allah ya yi muku albarka."

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura. Da 'yan kai amarya suka watse, ango ya ce a hankali, "In ban kai hamsin ba fa?"

"To daina ɓata mana lokaci da tambaya," in ji amarya.

Allah ya ba su tsawon rai da zuriya ɗayyiba.