Fentin da ya kama hijabina

"Zaɓi ɗaya mana, Zulaihata, kafin wani ya gan ki," in ji Muhammad Nur.

Na ƙura wa bangon ido. Ya shafa fenti kala biyu gefe da gefe, ɗaya ruwan madara, ɗayan ya ɗan fi duhu kamar kunun gyaɗa.

"Nurina, wallahi duk ɗaya nake gani..."

"Ke da kika hana ni sakat, wai hoton waya ƙarya yake yi?"

Gaskiyarsa. Rigimata ce ta ɗauko ni daga Kazaure zuwa Gwiwa a kan mashin, ana saura 'yan kwanaki biki. Amarya a ɗakinta tun ba a kai ta ba! Ga mahaifiyarsa Hajja Kaka da ma cewa take idona a buɗe yake, ta fi son Batulu 'yar ƙanwarta. Dalili kawai take jira ta ce a fasa.

Sai muka ji sallamar Hajja, da muryar Batulu a baya.

"Ga ta nan, Hajja. Ai na faɗa miki."

Na ja da baya har na manne da bango, na durƙusa. Na sunkuyar da kai. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

"Hajja, ni na..." Muhammad Nur ya fara.

"Rufe min baki," ta katse shi. "Ke kuma tashi. Juya."

Na juya ina hawaye. Ɗanyen fenti ya ɓata baƙin hijabina tun daga kafaɗa, kala biyun duka.

Batulu ta tuntsire da dariya. "Yau kasuwa ke ci. Duk Gwiwa sai sun san inda ta fito."

Hajja ta daɗe tana kallon bayana.

"Mai duhun ya fi," ta ce. "Farin nan ba zai jure hannun yara ba."

Yara? Na ɗago a tsorace.

Ta zare babban mayafinta ta lulluɓe ni har ƙasa, ita ta tsaya da ɗankwali kawai.

"Batulu, kin ga wani abu?"

"A'a, Hajja..."

"Madalla. Surukata ba za ta ratsa kasuwa ana nuna ta ba." Ta gyara min wuyan mayafin. "Je ki gida, 'yar nan. Ranar da aka kawo ki kya dawo min da shi."