Maharbi da Man Shanun Karensa

A wani zamani an yi wani maharbi mai kwaɗayi. Ɗan karensa ya kamu da amosani, fatarsa ta bushe tana zuba kamar dusa, har susa ta hana shi farauta. Wata tsohuwa mai magani ta ba maharbin man shanu a ƙoƙo, ta ce, "Ka shafa masa kwana uku."

Ran farko ya ce, "Bari in ɗanɗana," ya zuba a tuwo. Kashegari ma ya zuba a tuwo. Ran na uku ya suɗe ƙoƙon tas.

Da tsohuwar ta zo dubiya, ya marairaice ya ce, "Iya, maganinki bai yi ba."

Sai karen ya daka tsalle, ya hau lasar gemun maharbin.

Tsohuwa ta ce, "Ya yi mana, ɗana. Ji yadda gemunka ke sheƙi!"