Baƙon da Ya Jera Min Tagogi

Shekara tara ina koyar da kwamfuta a shagona a Makarfi, amma in ka ƙwace min mawus, ni da tunkiya ɗaya muke. Ba wanda ya sani. Ranar da mawus ɗin ya mutu, tagogin shafuka bakwai suka hau kan juna a sikirin, ga ɗalibai za su zo da safe.

Bayan isha'i wani dogon mutum ya yi sallama. Ban ji takunsa ba, muryarsa kuwa kamar daga cikin rijiya.

"Malam Safiyanu, abin ya gagara ne?"

"A'a, gwaji nake," na ce.

Ya zauna. Kujerar da ke kuka ko mage ta hau ta, ba ta ce uffan ba. Yatsunsa suka bi kan kibod, tagogin suka jeru kamar sahun salla.

"Ka riƙe wannan, ka danna wancan. Ai ko 'yan ajinka sun iya."

Kunya ta hana ni ɗaga kai in dubi fuskarsa har ya fita. Sai da na tashi rufe shago na lura da abin da ke hannuna. Wayar kibod ce. Tun magariba na zare ta, ina gwada mawus a raminta.