Kwana Huɗu Tela Bai Zo Ba

Sati biyu da rasuwar Mama, Yaya ya kira Auta ɗakin Baba, inda tsohon ya shekara biyu a kwance, ɓarin jikinsa na dama a shanye.

"Ki dawo gida ki kula da Baba," in ji Yaya. "Ki sa telan mijin nan naki ya ba ki takardarki. Me ya taɓa tsinana mana?"

"Yaya, shi fa yake yi wa Baba wanka kullum!"

"Wanka? Lallai babban ofis! Ruwa ne da sabulu, wa bai iya ba?"

Auta ta koma gida tana kuka. Da safe mijinta ya ɗauki reza da tawul zai fita, ta tare ƙofa.

"Ba inda za ka."

"Haba, 'yar Baba! Yaya ya yi laifi, tsoho ya sha hukunci?"

"Ubana ne, na fi ka jin ciwon. Amma in ka ci gaba da zuwa, ba za su taɓa ganin ƙimarka ba, sai sun raba mu. Zauna!"

Ya zauna gaban keken ɗinki, ƙafarsa ta kasa taka shi. Kwana huɗu Auta ba ta ci abin kirki ba, tana tuna yadda Baba ke zuba wa ƙofa ido.

Rana ta biyar sai ga Yaya a shago, riga jiƙe, ido jajur.

"Na ɗago Baba ta dama, ya ƙwalla ƙara. Bayansa ya fara gyambo. Ya ƙi buɗe mini baki, kai yake kira." Ya sunkuyar da kai. "Don Allah, ƙanina, zo ka nuna mini."

Tela bai yi gori ba. A ɗakin ya ce, "Ta hagu ake tallafo shi, Yaya, a tokare bayansa da gwiwa. Sau huɗu ake juya shi a wuni." Baba ya riƙe hannunsa, hawaye na bin kuncinsa.

Ba wanda ya sake maganar saki. Amma gyambon bai warke ba har Baba ya rasu bayan wata uku, kuma Auta ba ta daina kukan kwana huɗun nan ba.

Dabararta ta tsare mata aure. Ku dai ku gode wa mai yi muku alheri tun yana yi, kada sai ya janye hannu, don marar laifi ne ke shan wuyar wannan darasi.