Murfin da Ba a Buɗe Ba

Da magariba Ɗan Gayu ya koma defon mai don ɗauko tabaransa da ya manta. Yana tafe yana mita, wai duniya ba ta san darajar kyakkyawa ba, mutum kamarsa a ce tiyo yake ja! Mitar ta baki ce kawai. Tun da aka binne ƙanensa, Gajere, ba wanda ya ƙara jin dariyarsa ta gaskiya.

Tare suke sauke kananzir daga taragon jirgin ƙasa. Gajere a sama, shi a ƙasa. Ƙa'idar aikin ita ce na sama ya buɗe murfi iska ta shiga, ya ƙwanƙwasa da sifana, sannan na ƙasa ya murɗa bawul ya kunna injin. In aka ja mai murfi na rufe, tankin zai tsotse kansa ya lotse kamar gwangwanin madara. Daga saman nan santsi ya kwashe Gajere, ya bar mata da tsohon ciki.

Defo shiru. Tanki ɗaya ne ya rage a kan layi, tiyonsa a jone, an bar shi sai gobe. Warin kananzir da ƙarfe mai hucewa. Wani wuri mai na ɗiga, ɗis, ɗis.

Sai ƙwanƙwasa daga sama.

Ba irin na kowa ba. Mai ɗan kiɗa a ƙarshe, irin na tsokanar Gajere.

Hannu ya riga hankali. Ɗan Gayu ya murɗa bawul, ya danna maɓalli. Inji ya ɗauka.

Tankin ya yi nishi.

Murfi a rufe yake! Ya kashe injin. Injin ya ƙi mutuwa. Ya haye tsani, takalminsa mai sheƙi na zamewa, ya kwance ƙusoshi, ya ɗaga murfin da ƙyar.

Iska ta rufta ciki da gurnani, ta ja shi har ƙirji.

Duhu. Sanyi. Can ƙasa, fuska a kan man, kuma ba tasa ba.

"Yaya," in ji fuskar a hankali. "Har yanzu ba ka duba sama kafin ka murɗa?"

"Gajere?"

"Ta haihu?"

Ya buɗe baki. Tururin mai ya cika masa maƙogwaro.

"Yaya, ta haihu? Matso, ba na ji."

Ya matsa. Ƙafa ɗaya ta bar tsani.

Ɗayar ma.

Mai gadin defon ne ya cafko bel ɗinsa, yana salati da ƙarfi. Suka zube tare. Inji ya yi tsit.

Da Ɗan Gayu ya farfaɗo a asibiti, mai gadi ya ce, "Malam, ka gode wa Allah. Wannan ba ƙanenka ba ne. Mutanen ɓoye ne, suna aron murya."

"Na sani," in ji Ɗan Gayu. "Amma ai da ka bar ni na ba shi amsa."

An mayar da shi ofis, an hana shi hawa tsani. Tankin ya bi jirgi, ba wanda ya riƙe lambarsa. Shi ya sa duk jirgin da ya shigo, yakan bi taragan ɗaya bayan ɗaya, ya kanga bakinsa a jikin ƙarfe, ya raɗa:

"Mace ce, Gajere. Kunnuwanka ta kwaso, baiwar Allah."